Mota Mai Kujera Biyu

Yaya Kubura,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Lafiyata ƙalau, sai dai kansul, ƙaramar hukumar da nake wa aiki, ta rage ma'aikata har da ni, yanzu dako nake a unguwar Cheetham Hill.

Na sayi 'yar mota mai buɗaɗɗen sama, tsohuwar ƙira mai fitilu kamar idon kwaɗo. Sababbin sun fi ƙiba da tsada, amma duk kujera biyu ce.

Kin tuna Falalu ɗan Kawu, da ya bar ni cikin ruwan sama a unguwar Sparkhill ta Birmingham ranar suna, wai motarsa ta cika? An ƙwace masa lasisin tuƙi. Jiya ya roƙe ni in kai shi Birmingham. A gabansa na zaunar da buhun shinkafa a ɗaya kujerar, na ɗaura wa buhun bel, na ce ta cika.

Ki ce Inna ta sa mini albarka.

Ƙaninki,
Maharazu