Sunana a Lungunan Fas

Fas, ƙasar Maroko
Ranar Talata

Zuwa ga Yayata Murjanatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Baba? Ki gaishe min da Umma. Mu ma lafiya lau muke, alhamdulillahi.

Yaya, na ga gari! Badaru ya ɗauki wani direba, dattijo mai suna Malam Abdussalam, shi ke yawo da mu idan Badaru da 'yan kasuwa sun gama maganar cinikin fatu. Ranar farko sai ya hau da mu kan wani tudu ya kashe mota. Daga nan muka hango tsohon birnin kwance cikin kwari, rufin masallatai kore shar, ana kiran la'asar, wannan hasumiya na karɓa wa waccan. Sai da na yi hawaye.

Mota ba ta shiga tsohon birnin. A bakin wata ƙofa mai shuɗin ado yake ajiye ta, mu taka da ƙafa. Lungunan a murɗe suke, wasu ko mutum biyu ba sa jerawa, kuma jakuna ke dakon kaya, har da tukwanen gas. Duk inda muka karya kwana akwai famfo da aka ƙawata da duwatsu masu launi. Na ce wa Malam Abdussalam mu ma muna da rijiyar Kusugu, ya sa na ba shi labarinta da guntun Larabcina na Islamiyya, yana ta gyaɗa kai. A majema ya miƙo min ganyen na'ana'a in kare hanci. Badaru ya ƙi karɓa, wai warin ba baƙonsa ba ne.

Amma Yaya, damuwar da na faɗa miki tana nan. Tun da aka kai ni gidan Badaru bai taɓa kiran sunana ba. Na san sunan Hajiyarsa gare ni, na san kunya ce, to ko wani sunan ba zai laƙaba min ba? Daga "ke" sai gyaran murya. A littattafan da nake karantawa ba haka miji yake ba. Jiya dattijon nan ya tsaya saya wa matarsa zaitun, yana ambatonta yana murmushi. Na ɗauka a gari irin wannan bakin Badaru zai buɗe, amma shiru. Don haka ki fara lallaɓa Baba. Idan mun dawo Daura, gidanmu zan sauka.

Taki har kullum,
Zulfa

Fas
Ranar Asabar

Yayata,

Ina gaishe ki da fatan kowa lafiya.

Jiya na ɓata. Wani jaki ne ya taho da kaya, na raɓe cikin wani soro don ya wuce. Sai na hango shagon kayan amare, riguna masu zaren zinariya irin waɗanda nake gani a raina idan ina karatu. Na ce bari in leƙa kaɗan. Da na fito, babu Badaru, babu direba, wayata kuma tana cikin mota. Na bi wannan lungu na bi wancan, duk kamarsu ɗaya. Wata tsohuwa mai sayar da burodi ta zaunar da ni, amma Larabcinsu na kasuwa ba na gane shi.

Daga baya Malam Abdussalam ya ba ni labarin abin da ya faru a wajensu. Ya ce a nan idan baƙo ya ɓata, sunansa ake ba masu shaguna, su yi ta miƙa shi gaba. Da ya tambayi Badaru sunana, sai ya sunkuyar da kai ya kasa. Dattijon bai san al'adarmu ba, har ya yi masa faɗa, wai wane irin miji ne bai san sunan matarsa ba.

Ina zaune ina kuka sai na ji wani maƙeri yana kiran Zulfa, mai turare ya karɓa, mai takalma ma haka. Can bayansu na ji wata murya da ta dushe, tana kira ba kunya ba tsayawa. Yaya, muryar Badaru ce. Ya ɓullo babu hula, takalmi ƙafa ɗaya, yana ta kira har bayan ya gan ni.

Dattijon ya kai mu wani shago ya sa aka kawo mana shayi, ya koma waje ya ba mu wuri. Badaru bai iya shan nasa ba. Da ƙyar ya ce min tun rasuwar mahaifinsa bai ji tsoro irin na jiya ba, kuma don Allah kada Hajiya ta ji ya yi ta shelar sunanta a kasuwa. Har muka isa mota yana riƙe da bakin mayafina.

Idan kin riga kin yi wa Baba maganar nan, ki koma ki ce masa yarinta ce. Ki aika a share min ɗakina, gidan mijina zan sauka.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Zulfa Badaru