Gona Ɗaya, Shuka Uku

Daren Talata, farkon damina

Idona har yanzu zafi yake saboda kallon kwamfuta, amma sai na rubuta wannan kafin in kwanta.

Yau a ofishin ƙungiyar manoma muka loda bayanan gonaki cikin sabuwar ma'ajiyar bayanai, wadda ake dubawa ta fuskar ƙauye, ko irin shuka, ko shekara. Da sakamako ya fito, sai ga filin noman ƙauyenmu ya ninka uku. Da wannan lissafin za a raba taki, kuma kowa ya san ni ɗan can ne.

Anti Zulai, shugabarmu, ko murya ba ta ɗaga ba. Ta jawo kujera ta ce, "Sani, me Babanku ya shuka bana?"

Na ce gero da dawa da wake.

"A gona nawa?"

"Ɗaya."

"To, ita ma'ajiyar nan ba ta san muna haɗa shuka ba. Duk shukar da ta gani sai ta yanka mata gonarta daban."

Nan take ta gyara ƙa'idar lodin. Girman fili ya shiga sau ɗaya ƙarƙashin lambar gona, shuka kuwa kowacce da layinta. Wallahi matar nan kanta na ja! Kuma ko sau ɗaya ba ta yi min kallon zargi ba.

Muka sake lodawa, na nemo gonar Baba. Ga ta nan 'yar ƙarama, yadda na san ta. Ban taɓa murnar ganin gonarmu ta ragu ba sai yau.