Alayyafo a Fankon Batir

Litinin, 3 ga Maris

Yau na kai Rediyo asibitin unguwa. Ciwon cikin nan ya ƙi barinta, ga bayan gida ya ɗaure, ga rigima kamar an aiko ta. Yarinyar da babanta ya laƙaba wa Rediyo saboda surutu, wadda ko da cokali a baki sai ta ba ka labari, ita ce yau na yi ta tsokana a layi ta ƙi tanka mini. Shekararta huɗu, amma da aka ɗora ta a sikeli sai da nas ta sake tambayata shekarun.

Ta ja fatar idonta ƙasa ta leƙa. "Maman yarinya, 'yarki ba ta da jini. Ki riƙa ba ta ganye, da ƙwai, da hanta." Na ce to. Me zan ce? Hanta kuma. A ɗakin nan ba wata hanta sai wadda muke yawo da ita a cikinmu.

Alhamis, 6 ga Maris

Na yi dabara, har ina yaba wa kaina. Ganye ya yi tsada a kasuwa, to me zai hana in shuka nawa? Tsakar gidan siminti ne, ba inda za a tona. Amma katanga ɗaya ce tsakaninmu da wurin aikin Baban Rediyo, inda suke fasa tsofaffin batiran mota su narka dalmar ciki, kuma fankon batir a can tuli ne. Duk gidan hayar nan da shi muke rayuwa. Kujerar tsakar gida shi, mazubin takalma shi, Matar Direba ma da ke ɗakin kusa da mu a ciki take ba kajinta ruwa.

Na ce ya kawo mini manya-manya, ya haɗo da ƙasa. Ya kwaso ta daga bayan tukunyar narkawa, baƙa wuluk, ya ce hutacciya ce, ba a taɓa shuka komai a kanta ba. Na wanke fankon tas da sabulu, na cakuɗa ƙasar da kashin kaji, na watsa irin alayyafo. Rediyo ta taya ni, hannu dumu-dumu, har da ɗanɗanawa.

Juma'a, 14 ga Maris

Sun tsiro.

Asabar, 22 ga Maris

Ba ɗinki yau, keken ma sai da na share masa ƙura. Ƙurar gidan nan ba ta jin tsintsiya, ka share da safe, kafin azahar ta dawo ta zauna abinta, fara-fara kamar toka.

Abin da ya sa ni dariya: dawowar Baban Rediyo. Kullum da yamma da ta ji ƙarar ƙofar gida sai ta kwasa da gudu, ta cusa kai cikin rigar aikinsa tana laluben aljihu. A wurin aiki ana raba musu madara a 'yar leda, wai tana wanke hayaƙin dalma daga ƙirji. Shi ba ya sha, ita yake kawo wa. In na yi magana ya ce, "Ni ƙirjina ya riga ya saba." Yau ta fito daga rigar fuska fari fat, ya ce ga amarya ta sha hoda. Ta yi ta juyi tana nuna mana.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na yi yankan farko. Ganye faɗin tafin hannuna, kore shar. Na yi wa Rediyo miya ta ci har tana side yatsa. Matar Direba ta tsaya tana kallo, "Maman Rediyo, hannunki da albarka." Na yanko mata ita ma, kada a ce na yi rowa.

Na daɗe ban ji daɗi irin na yau ba. Ko ba komai abu ɗaya cikin ukun da nas ta lissafa ya samu, kuma da hannuna.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Mun je gidan Yaya, can ɗaya gefen gari inda ake da bishiyoyi. Abin da na fara lura da shi, in ka shafa tagarsu yatsanka ba ya yin fari. Autanta sa'an Rediyo ne, yana ta rera waƙoƙin makaranta, tawa kuwa ta rakuɓe a jikina. Da aka kawo abinci ta miƙa hannu tana cewa, "Wannan, wannan." Cokali take nufi. Rediyo ta manta sunan cokali.

Yaya ta ja ni kicin. "Ku tashi daga bayan hayaƙin nan mana." Kamar tashi naɗe tabarma ne. Ai hayaƙin ne ya sa ɗakin ya zo daidai ƙarfinmu, da babu shi da mu ma ba mu samu ba. Ban faɗa mata haka ba, na ce muna nema.

Zan ƙara wa Rediyo ganyen, safe da yamma.

Talata, 13 ga Mayu

Ina kan keke da rana tsaka na ji faɗuwa. Rediyo ce, ta sandare, ido ya kafe, kumfa a baki. Ban san yadda na fita titi ba, ko takalmi babu. Direba ne ya kai mu babban asibiti. Muna nan. Ta farfaɗo amma ba ta ce komai ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Dalma ce. A cikin jininta, da yawa.

Likitan ba mugu ba ne, gajiya ce kawai a fuskarsa. Ya yi ta tambaya: ina babanta ke aiki, ina muke zaune, da kayan aiki yake dawowa gida? Da ya zo kan abinci sai na gyara zama, don nan ne nake da abin faɗa. Na ce kullum sai ta ci ganye, ni na shuka da kaina. Ya ce madalla, a ina? Na faɗa masa. Ya ce ƙasar fa? Na faɗa masa.

Ya ajiye biro. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi ganye yana zuƙar abin da ke cikin ƙasa, ba ya zaɓe.

Ashe tun watan jiya da hannuna nake zuba mata, ina lallashi, ina cewa ƙaro cokali ɗaya don Mama. Garin neman ƙiba na samo rama. Na tambaye shi madarar da ake ba su fa? Ya girgiza kai, ya ce madara abinci ce, ba ta wanke komai.

Ya ce akwai maganin da zai fitar da wani abu daga ciki, amma in ta koma inda ta fito ɗiban ruwa da kwando muke yi. Mu canja gida. Babanta ya canja aiki. Kafin nan, kada ta kuskura ta taɓa shi da kayan aiki, sai ya tuɓe ya yi wanka. Na ce to. Bakina ya saba da to.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na zo gida ɗaukar mata kaya, na tuge alayyafon nan duka. Har da jijiya. Ina yi ina zagi, ban san wa nake zagi ba. Ƙasar ta yi mini nauyi, kuma ina zan kai ta? Na ja fankon na jingine a jikin katanga.

Na gaya wa Matar Direba. Ta taɓe baki, "Mu da muka ci ai ga mu nan da ranmu." Ta juya ta zuba wa kajinta ruwa a nata fankon. Ban ga laifinta ba. In ta yarda da maganata, sai ta yarda da kujerar da take zaune a kai, da iskar da take shaƙa, sannan ta yi yaya?

Litinin, 2 ga Yuni

An sallame mu. Ta ɗan yi haske, tana cin abinci.

Yau aka fara dokar. Ƙofa ta yi ƙara, Rediyo ta kwasa da gudu, na cafke ta a hannu. Ta yi ta ihu tana harbin iska. Shi kuwa ya tsaya a bakin ƙofa da ledar madara, kamar baƙon da ya ɓata hanya. "Yi haƙuri, Mamanki ta ce sai na yi wanka." Na ce kada ka ɗora mini, ba ni na ce ba. Ya ce to wa zan ce mata ya ce?

Kafin ya fito daga wanka ta gaji da kuka ta juya masa baya. Madarar ma ni na wanke ledar na ba ta.

Asabar, 21 ga Yuni

Baban Rediyo ya yi wa ogansu magana, ko za a saka musu famfo su riƙa wanka a can su bar kayan aikin a can. Oga ya nuna masa ƙofa, ya ce ya leƙa ya ga masu jiran a ɗauke su.

Ya je neman dako a tashar manyan motoci. Aka ce ya ɗaga buhu a gani, buhun ya suɓuce. Hannunsa na dama ne, daga wuyan hannu yake lanƙwashewa, ba ya riƙo. Na daɗe ina ganin kofi na faɗuwa daga hannunsa ina cewa sakarci ne. Yau na sa shi ya buɗe baki kamar yadda likita ya duba na Rediyo, ga wani baƙin layi nan kwance a dasashinsa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Ya ce kada in damu. Aikin da ya cinye hannun shi kaɗai ne zai karɓe shi da hannun a haka, ni da shi duk mun sani.

Talata, 8 ga Yuli

Famfo ya ƙafe tun makon jiya. Ruwan da muke saye na sha ne da girki, in an yi wanka da shi sai a kwana da ƙishi. In ya dawo sai ya zauna a waje kan fanko, yana jira ta yi barci ya shigo ya tuɓe a bayan ƙofa. Ita kuma ta tsaya a bayan labule tana leƙensa da ido ɗaya.

Yau ta nuna shi ta ce, "Baba datti." Ni na koya mata, don ta daina gudu. Cikin 'yan kalmomin da suka rage mata har da wannan. Ya yi dariya ya ce gaskiyarki, sannan ya juya yana kallon katanga ya daɗe.

Na tsani kaina, na tsani katangar nan, na tsani likita da ya faɗa mini gaskiya.

Lahadi, 20 ga Yuli

Yaya ta dawo da Rediyo. Na roƙe ta ta riƙe mini ita ko na wata ɗaya ne, ba ta rufa mako ba. Wai tana fitsarin kwance, tana cizon autansu, mijinta ya ce gidansa ba asibiti ba ne. Yaya tana faɗa tana share hawaye, ta ajiye mini ƙwai a leda. Na gode mata. Da gaske na gode.

Laraba, 30 ga Yuli

An sake ɗibar jini. Dalmar ta koma inda take a da, har ta ɗan wuce.

Nas ta ce, "Har yanzu ba ku tashi ba?" Na ce muna nema. Na tambayi likita ko maganarta za ta dawo. Ya ce a hana ƙari shi ne abin da za a iya, wanda ya tafi kuwa bai yi mini alkawari ba. A kan benci na ga wata mata daga layinmu da nata ɗan, kansa na rawa. Muka gaisa, ba wadda ta tambayi 'yar'uwarta me ya kawo ta.

A hanya mun wuce shagon da ake kunna waƙa. Da, sai ta tsaya ta taka, in yi ta janta. Yau ni na tsaya.

Litinin, 18 ga Agusta

An kawo ɗinki, zif na siket biyu da wando mai yagewa. Allura ta karye, na sa wata. Famfo shiru.

Alayyafo ya sake fitowa a fankon da ke jikin katanga, ni ban shuka ba. Irin da ya zube ne, ga ruwan wanke-wanke da nake watsawa a wurin. Ganyen har ya fi na farko kyau. Zan cire.

Da yamma ƙofa ta yi ƙara. Ta miƙe daga inda take zaune kusa da ƙafata. Yanzu ba ta gudu, tafiya take a hankali tana jan ƙafa ɗaya, ko tsohuwa za ta cim mata. Ta bi ta gefen keke, zanina ma ta shafa. Shi ya ja da baya har ya jingina da ƙofa, yana kallona. Ni kuma ina kallon zif.

Ta cusa kai cikin rigar. Ba ta nemi aljihu ba. Na ji ta ce "Baba," ita kaɗai, ba ta ƙara ɗayar kalmar ba. Ya durƙusa ya riƙe ta da hannun hagu. Sun daɗe a haka.

Bayan nan na goge mata fuska da bakin zani, na goge sosai, har bayan kunne.

Ba wani abu ba ne, hannuna ne ke riƙe da ɗinkin mutane. Gobe zan tare ta. Jiya ma haka na ce.