Miyar Lalo a Aswan

Luksor, ƙasar Masar
2 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Hajiya Saudatu, Ƙanƙara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki. Tunda har yanzu ba a maido muku da sabis ba, na rubuta wannan da hannu na ɗauki hotonta. Ɗanliti direba zai buga ta a Funtuwa ya kawo miki. In kin rubuta amsa ki ba shi.

Aikin ido an yi, alhamdu lillahi. An cire yanar tas, har lambar mota nake karantawa daga tsallaken titi. A Alƙahira ban yi kewar gida ba, don maiɗakina Suwaiba ta taho da garin kuka da daddawa, kullum tuwona da miyata kamar muna 'Yankara. Likita ya ce mu dawo bayan sati biyu. Sai ɗanki ya bugo daga Abuja ya ce kada mu zauna a ɗaki kamar kaji a akurki, ya haɗa mu da wani ɗan jagora, Ustaz Fauzi, ya zaga da mu ƙasar.

Jiya muka shiga gidan bautar Fir'aunoni da ake kira Karnak. Yaya, ginshiƙi ɗaya sai mutum shida sun haɗa hannu kafin su zagaye shi, kuma sun fi ɗari, kowanne ya kai rimi. Masu shi sun shuɗe, ga mu muna yawo a ciki da takalmanmu. Allah ɗaya ne Sarki.

Abu guda ne bai yi mini ba. Ni da na yi shekara goma sha tara ina hedimasta, a nan Turancina ko ruwa ba ya saya mini. Larabcin Islamiyyar Suwaiba shi ke ci. Da ta buɗe baki a kasuwa sai 'yan tireda su taru, wai tana magana kamar limamin Juma'a, ni kuwa ina bayanta riƙe da leda. Shi ma Fauzin ya rage yi mini bayani. Sai shi da ita su juya harshe su yi ta yi, ta yi dariya har ta kare fuska da mayafi. Ban san tana da irin wannan dariyar ba. In na ce me aka ce, sai ta ce, "Ba komai, Malam."

A gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Abdulƙarim

*

Ƙanƙara
4 ga Nuwamba

Abdu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta zo, mun gode Allah da ido ya buɗe. Mu nan muna lafiya, ana ta yankan dawa, hanya ma da ɗan sauƙi kwana biyu.

To sannunku da shan iska, masu ƙasar waje! Ni da na goye ka, na kuma yaye ɗanka Muhammad Awwal a ɗakina yana tsula mini fitsari a tabarma, da ya tashi rabon jirgi bai tuna ni ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban da Makka, da aka kwashe mu aka maido mu kamar buhunan masara, iyakata Zariya. Amma ɗiyar Damari ga ta can tana gaisawa da Fir'auna. Ba komai, ni ma in faɗa kamar yadda ta ce.

Ita wannan "ba komai" ɗin ce ta tsaya mini. Mutum ya yi dariya har da kare fuska, sannan a ce ba komai? Ruwa ba ya tsami banza. Shekara talatin da ɗaya ina shiga gidanku, haƙorin Suwaiba sai da sallah nake ganin shi. Ashe dariyar tana nan, mai buɗe ta ne ba a samu ba. Shi wannan Fauzin, tsoho ne ko da sauran shi? Yana da iyali kuwa?

Ni dai ban ce komai ba. An wanke maka ido, sai ka yi amfani da shi.

In ka ga lalle mai kyau ka sayo mini, in ba ta cika jakar da nata ba.

Yayarka,
Saudatu

*

Aswan
7 ga Nuwamba

Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kin wuni lafiya. Gaisuwar a taƙaice take, don raina a ɓace yake.

Jiya da safe muka hau jirgin ƙasa daga Luksor, awa uku muna bin gefen kogin Nilu. Rake, dabino, jakuna, manoma tsugune kamar a fadamar Faskari. Na so in nuna mata, amma tana can tana hira da matan kujerar gaba, Fauzi na sa baki. Kin tambayi shekarunsa. Zai yi hamsin, dogo ne, ga furfura kaɗan a saje, irin wadda ba ta tsufar da mutum.

Kasuwar Aswan kuwa soborodo ne tuli-tuli da goruba, abin da awakinmu ke takawa, a nan an jera shi kamar zinariya. Daga can ya kai mu wani gidan abinci a bakin kogi. Nan aka yi abin.

Kin san gidanmu. Tun da aka kawo Suwaiba ba ta taɓa kai loma baki a gabana ba. A kawo mini nawa zaure ko ɗaki, ita ta ci da yara. A tafiyar nan ma haka, sai na gama take jan kwano ta juya baya. Ina alfahari da wannan kunyar, ko a majalisa na sha faɗa. To jiya aka kawo mini tantabara cushe da shinkafa. Sai mutumin nan, ba tare da ya tambaye ta ba, ba tare da ya tambaye ni ba, ya yi wa yaran wurin magana, aka kawo wata koriyar miya mai yauƙi, ya tura gabanta. Yaya, ta ci. A gabana, a gabansa. Ta share kwanon da gurasa har tana lumshe ido, hawaye na zuba, shi kuwa yana murmushi kamar wanda ya ci zaɓe.

Ta yaya ƙato zai san abin da matata ke so a kwana biyar? Kunyar da ta yi mini shekara talatin da ɗaya, kwano ɗaya na wani ya wanke ta. Wallahi kishi nake ji, tantabarar ma ban iya ci ba.

Gaskiyarki, ruwa ba ya tsami banza. Ki aika wa yayanta Malam Yusufu a Damari ya tarye mu a Funtuwa ranar ashirin ga wata, daga nan ta bi shi. Takardar saki ban rubuta ba, ba na so a yi a ƙasar mutane, sai ƙafata ta taka gida. Kada ɗanki ya ji tukuna.

Ƙaninki,
Abdulƙarim

*

Aswan
8 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Hajiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida su Rukayya da yara. Ki gafarce ni da na rubuto ba tare da sanin Malam ba. Ba ni da wanda zan kai wa kuka sai ke.

Kwana biyu ke nan Malam bai yi mini magana ba. Yau an tsallaka da mu a kwalekwale zuwa wani gidan bauta da ke tsakiyar ruwa, ya zauna can ƙarshe ya ba ni baya. Maganin idonsa ma ya hana ni ɗiga masa, shi ke fama, rabi na bin kunci. Na san laifina, miya ce na sha.

Yaya, lalo ne. Lalonmu na bayan gida, su a nan har a manyan wurare suke sayar da shi. A kasuwa na ga wata tsohuwa tana yanka ganye, na tsaya na kasa gaba. Na tambaye ta sunansa, na ɗauka na sansana. Malam yana gefena yana karanta tarihin garin a littafi. Shi jagoran ne ya lura, aikinsa ke nan, haka ya lura Malam ba ya son rana ya riƙa nema masa inuwa. Da aka ajiye kwanon, ƙamshin tafarnuwa da lalo ya bugi hancina, sai na gan ni a tsakar gidanmu a Damari, Inna tana burga miya, Allah ya jiƙanta. Wallahi na manta akwai maza a wurin. Sai da na ga gindin kwano na tuna, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba za ki tuna ba. Satina na farko da fara girki na yi miyar lalo, don ita na fi iyawa. Malam ya buɗe kwano ya ce, "Mu a gidanmu kuka muke sha." Ya rufe. Daga ranar ban ƙara ba, kuma ban taɓa riƙe shi a rai ba.

Dariyar kuwa, ni ake yi wa. Larabcina na littafi ne, in na tambayi kuɗin tumatir sai su ce kamar alƙali na yanke hukunci. Sauran hirar duk ta matarsa ce da 'ya'yansa mata biyar. Na so in fassara wa Malam, amma in na ga fuskarsa sai maganar ta maƙale. Ban saba zama kusa da shi haka ba, Yaya. A jirgi kafaɗata na taɓa tasa, ban san inda zan sa idona ba, shi ya sa na juya wajen matan.

Don Allah ki ba shi haƙuri. Ya fi jin maganarki.

Ƙanwarki,
Suwaibatu

*

Ƙanƙara
10 ga Nuwamba

Abdu,

Sallama da gaisuwa. Takardarka da ta matarka rana ɗaya Ɗanliti ya kawo su. Na karanta taka na ji daɗi, Allah ya yafe mini. Na karanta tata na kasa cin abinci.

Ban aika Damari ba, kuma ba zan aika ba. In kana son Malam Yusufu ka je da ƙafarka.

Ni na hura wutar nan, bari in faɗi gaskiya. Ban ga komai ga Suwaiba ba. Kishi ne ya ci ni, ita tana jirgi kusa da mijinta, ni ina nan ina tankaɗen gari. Magana zarar bunu ce, na zara, ga shi tana neman cinye gidan ƙanena.

Miyar da ta sha lalo ce, sakarai. Lalon da ka rufe wa kwano tana amarya, ka manta, ita kuma ta binne. Ba Balarabe ta gani a kwanon ba, uwarta ta gani. Ka ce ta yaya ya sani a kwana biyar? Ya duba inda ta duba ne. Kai kana gefenta da sabon ido, ka kafa shi a littafi, da ka ɗago kuma ka kafa shi a kan Balarabe.

Ka san shekarata talatin da shida da Alhaji, Allah ya haskaka kabarinsa. Na san gishirinsa, na san yajinsa, na san ba ya son tuwo ya kwana. Duk ranar kasuwa sai ya riƙo mini tsire, ni kuwa in raba wa yara, don kifi nake so. Har ya koma ga Allah bai sani ba. Bai tambaya ba, ni kuma kunya ta hana ni faɗa. Ko sau ɗaya hannuna bai haɗu da nashi a kwano ba. Da na karanta cewa ta ci a gabanka, abin da ya ɓata maka rai ke nan, ni kuwa shi na yi wa kuka.

Hedimasta, ga jarrabawa, tambaya biyu ce. Mi matarka ke so? Mi ba ta so? Ta farko an ba ka satar amsa. In ka iya ta biyu ba tare da ka tambaye ta ba, rubuta takardarka, ni da kaina zan kai ta Damari.

Lallen ka bar shi, ban cancanta ba.

Yayarka,
Saudatu

*

Aswan
12 ga Nuwamba

Yaya,

Assalamu alaikum. Na faɗi jarrabawa, sai da na tambaye ta. Ta ce, "Miyar kuka, Malam."

Shekara talatin da ɗaya, Yaya. Kullum. Har Masar ta ɗauko ta a jaka.

Yau na ce Fauzi ya huta. Mu biyu muka koma gidan abincin, ita ta yi magana, aka kawo kwano ɗaya. Yauƙin bai yi mini ba, amma na ci. Ki ce wa Malam Yusufu in zai zo ganinmu ya taho da irin lalo. Lallenki yana jaka, ita ta zaɓa.

Ashe ta fi ni saurin loma. Ban ƙoshi ba.

Ƙaninki,
Abdulƙarim