Dangin Inna Zara

Daren Laraba, Agadas

Yau aka kai Inna Zara makwancinta. Har yanzu jikina a sanyaye yake, kuma ba mutuwar ce ta girgiza ni ba, don ta tsufa ƙwarai.

Da maza suka dawo daga maƙabarta, ina daga bakin zaure na ji liman ya ce, "Ina danginta, a yi musu gaisuwa?" Kowa ya juya yana kallon wani. Ni Baba na duba, don tun ina yarinya na ɗauka gwaggonsa ce. Shi kuwa maƙeran bayan gidanmu yake kallo. Su ma suka ce duk zatonsu tamu ce.

Sai tsoho Elhaji Bila ya ce, "Ba ta da kowa a nan. Daga garin Fachi ta biyo ayarin gishiri tana ƙaramar bazawara, ba ta sake komawa ba."

Ita ce fa matar da ta yanke mini cibi, ta yanke wa ɗiyata. Ita ke wankan gawar matan kartiyenmu, wato unguwarmu, ita ke kwana a gidan likita da majinyacin da ba nata ba. Amma a cikinmu ba wanda ya san ko sunan uwarta.

Baba ya tuɓe takalmansa, ya zauna a tabarmar masu karɓar gaisuwa. Maƙera suka bi shi. Kafin la'asar sai da aka aro tabarmi daga masallaci.

Ni ma na shiga ɗakin Inna Zara na zauna. Duk wadda ta ce mini "Ya haƙuri?" na amsa mata.