Kurɓi Ɗaya a Gonar Inabi

Goggo Lamai, ki taimake ni, don na rasa wanda zan gaya wa maganar nan ba tare da ta zaga kasuwarmu kafin in kwashe tukwanena ba. Duk sunayen da za ki gani na canza su. Shinkafa da kaza nake sayarwa, shekara ashirin da biyu ke nan. Mijina Samruai gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi. 'Yarmu ɗaya ce tal, Jiap, tana aiki a Bangkok, kuma an sa bikinta a watan Disamba.

Mijina tsohon mashayi ne, irin wanda ake ɗaukowa daga bakin kwata. Farar giyar shinkafa ta cinye mana shekara goma sha ɗaya. Shekara shida da suka wuce, ranar shigar damina, lokacin da maza ke ɗaukar alkawarin barin giya na wata uku, ya durƙusa gaban babban malamin wurin ibadarmu ya ɗauki nasa, aka ɗaura masa farin zare a wuyan hannu. Sauran mazan unguwa ranar da wa'adi ya cika suka koma ruwa. Shi bai koma ba. Duk shekara yake zuwa ya sabunta, a ɗaura masa sabon zare. Na bana ko sati uku bai yi a hannunsa ba lokacin da abin ya faru.

Iyayen Thana, wanda zai auri Jiap, su suka gayyace mu yawon yini guda zuwa wata gonar inabi a Khao Yai, wai mu san juna. Masu kantunan kayan gini ne, masu hannu da shuni. Jiap ta san ko wane ne ubanta, ita ce fa take ɓuya ƙarƙashin tebur tana ƙarama idan ya dawo a buge. Amma abin da ta gaya wa surukanta kawai shi ne, Baba bai damu da sha ba. Kunyarmu take ji, Goggo. Har riga ta saya masa, ni kuma ta ce kada in kuskura in zo da takalmin kasuwa.

Awa uku muna tafiya. Aka zaga da mu gonar, ko ƙwayar inabi ɗaya babu a jiki, ganye muka je kallo. Daga nan aka kai mu wani ɗaki mai sanyi cike da gangunan katako, aka jera wa kowa kofin gilashi shida. Wata ma'aikaciya ta koya mana yadda ake yi: ka juya kofin, ka shinshina, ka guntsa, sannan ka tofar a cikin wata 'yar tukunyar ƙarfe. Wai ana jin ƙanshin barkono da na itace. Ni dai tsami na ji.

Samruai ya rufe kofinsa da tafin hannu, ya nemi zallan ruwan inabi. Khun Wirot, uban Thana, ya kece da dariya ya ce, "Haba surukina, namiji guda ɗan yankin Isan yana tsoron ruwan 'ya'yan itace? Ko Madam ce ke riƙe da linzami?" Matarsa ta kalli zaren hannun mijina, ta kalle ni daga sama zuwa ƙasa. Jiap ta sunkuyar da kai. Ni kuma na ɗan mintsine shi a cinya na ce a hankali, "Baban Jiap, kada ka ba mu kunya. Guntsa ka tofar, ai ba sha ba ne."

Ya guntsa. To amma tukunyar tana can gaban Khun Wirot, dab da farantinsa. Kafin ya kai gare ta sai ya miƙe tsaye a kan mutumin da ya girme shi, kansa sama da nasa, ya tofar da abu a gaban idonsa. Wa ya taɓa yin haka a taron surukai? Na ga kumatunsa a cike, idonsa na neman tukunya, yana neman nawa. Sai na ga maƙogwaronsa ya motsa.

Duka shidan ya shanye. A hanyar dawowa shi ne mai waƙa, Khun Wirot na tafa masa yana cewa yanzu ne ya samu suruki. Har kyautar kwalba biyu ya ba mu cikin kwali mai ribon, suna nan a kabad ɗina.

Kwana tara shiru. A na goma na tsinci zaren a kwandon shara, an yanke shi da almakashi. Bai taɓa kwalaben masu tsada ba, shagon kan kwana ya koma, wurin farar giyarsa. Yau sati biyar ke nan kullum sai ya sha. Jiya saura kaɗan ya faɗo daga kan tsani a gidan mutane. Ba ya faɗa, ba ya zagi, kuma bai taɓa tayar da zancen ranar ba. In na tayar sai ya ce, "Bar shi, Maman Jiap, an wuce wurin."

Su sun tofar da tasu sun koma gidansu mai bene, ni aka bari da wanke amai. Na tsane su, na faɗa. Jiap ba ta san halin da ake ciki ba, hotunan ranar take ta turo mini. Zuciyata na ce mini in je kantin Khun Wirot in wanke shi tas a gaban ma'aikatansa, sannan in gaya wa Jiap ba zan zuba mata ruwan albarka a hannu ranar biki kamar yadda iyaye ke yi a al'adarmu ba, tunda ta zaɓi surukai a kan ubanta. Ki gaya mini gaskiya, in na yi haka na yi laifi?

Mai Shinkafa da Kaza

*

Ƙanwata Mai Shinkafa da Kaza,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na ji ciwon. Shekara shida ba wasa ba ce, da ƙarfinsa da haƙurinki aka gina su.

Khun Wirot ya yi rashin hankali. Wanda ya rufe kofinsa ya gama magana, balle ga zare a hannu a tsakiyar damina. Amma bai san tarihin mijinki ba, don an ɓoye masa. Jiap ta yi kuskure da ta ɓoye, sai dai yarinyar da ta girma ƙarƙashin tebur ba ƙin ubanta take yi ba, tsoro take ji. Idan kika hana ta albarkarki, ba ki rage wa Samruai ko kofi ɗaya ba, 'yarsa kawai kika raba shi da ita.

Yanzu ga abin da kika rubuta a tsakiya kika wuce da sauri. Mutum huɗu sun matsa masa, amma maganar mutum ɗaya yake ji a teburin nan. Ina zaton shi ya sa fushinki ya ƙi sauka a kan kowa. Ba ke kika haɗiye ba, ba ke kika ɗauki sauran biyar ɗin ba, wannan nasa ne. Mintsinin kuwa naki ne. Shirun da yake yi rufa miki asiri yake, ke ma kina rufa masa, giya kuma tana samun wurin zama a tsakaninku.

Gobe da safe, kafin ya fita, ki zauna ki ce masa, ni na ce ka guntsa, na yi kuskure. Kada ki haɗa da "amma". Sannan ku je asibiti tare kafin ku je wurin malami, don wanda ya koma sha kullum bai kamata ya yanke lokaci ɗaya ba tare da likita ba. Tsani kuma ya haƙura da shi tukuna. Zare zai ɗauru daga baya, ba shi ne na farko da ya koma da hannu wayam ba.

Ki kira Jiap a wannan satin ki gaya mata komai. Ita za ta gaya wa Thana kafin Disamba, tunda ranar biki ma za a miƙa wa ubanta kofi.

Kantin Khun Wirot kuwa, ki je. Ki sa takalminki na kasuwa, ki ɗauki kwalaben nan biyu da ribon ɗinsu, ki nemi ganinsa shi kaɗai. Ki gode masa, ki ajiye su gabansa, ki ce mijina ba ya sha, kuma ga dalili. Na san mayar da kyauta abin kunya ne. Ki ɗauke ta. Kunyar nan ce kika guje mata a ranar, mijinki ya haɗiye ta a madadinki.

Ina yi wa Samruai fatan sauƙi, ke kuma ina fatan in ji kin zuba wa 'yarki ruwa a hannu, ubanta na tsaye kusa da ke.

Goggo Lamai