Tsaga Bakwai a Ƙotar Bindigar Baba

Zuwa ga Yaya Nura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar da ta wajaba a kan ƙanwa, ina fatan jirgi ya sauke ka lafiya.

"Oga ya yi tafiya, Madam, amma ya ce duk wanda ya zo a nuna masa bindiga." Haka maigadinka ya tare ni jiya da hantsi a gidanka na Maitama. Ban ce masa ni ƙanwarka ce ba. Na so in ga abin da kake nuna wa baƙi.

Na kuwa gani. Tana cikin akwatin gilashi a falo, har da fitilarta. Ka kankare tsatsa, bututun yana sheƙi, kunamar da ta ƙage tun muna firamare ta dawo daidai. Wata takwas kana sa hotunan aikin a shafinka, mutane suna yi maka jinjina: ga ɗa mai kishin gado. Shi ya sa nake rubuto maka a nan shafin, inda na san kana karantawa. Waya dai ba ka ɗauka.

Bari in tuna maka, tunda ba ka rubuta wannan a ƙarƙashin hoto ba. Bindigar nan mai cin harsashi ɗaya ta kakanmu ce. Da ta zo hannun Baba, duk ranar sunan ɗansa ko 'yarsa sai ya fita bayan gari ya harba ta sama sau ɗaya, ya dawo ya yi tsaga a jikin ƙotar da wuƙarsa. Tsaga bakwai. Mu huɗu muka rayu. Sauran ukun ba su da hoto, kuma kaburburansu suna ƙauyen da muka baro. Tsagogin nan ne kawai abin da ya rage musu a duniya.

Ka san idon Inna ya tafi. Ka san kullum bayan ta idar da sallar asuba takan jawo bindigar daga ƙarƙashin gado, ta bi tsagogin da yatsa, tana kiran suna ɗaya ɗaya tana addu'a. Ka sani, domin a gabanka ta yi ranar sadakar arba'in ɗin Baba, ranar da ka naɗe ta a darduma ka ce sati biyu za ka dawo da ita.

Daga Maitama zuwa Jikwoyi, inda Inna take, ba a neman biza, Yaya. Baba ya yi shekaru yana bin hanyar nan kullum, yana gadin gidan wani a unguwar da yanzu kake da maigadi.

Na sunkuya a gaban gilashin ina neman tsagogin. Babu. Sabuwar ƙota ce, sumul, daga ƙasar waje, ka ma rubuta sunan icen a ɗan kati. Ka yi bincike a kan shekarar da aka ƙera bindigar da garin da aka ƙera ta. Abin da ya same ta a gidanmu ne kawai ka ɗauka datti.

Na tambayi maigadin ina tsohon icen. Ya sosa ƙeya ya ce, "Oga ya ce a zubar. Ni kuma na ga ice mai kyau ne, Madam, sai na tokare ƙofa da shi." Ya nuna min ƙaramar ƙofar get. Ashe na tsallake ƙotar da na shigo. Tana kwance a ƙasa, ruwan damina ya jiƙa ta, gefe ɗaya ya fara ruɓewa. Na durƙusa na ƙirga. Bakwai ne cif. Ka ƙara wa mutumin nan albashi, shi kaɗai ne a gidan ya ga amfaninta.

Wata takwas Inna tana tambayata, ni kuma ina cewa aikin ne da wuya. Tana ƙirga mu a gaɓoɓin yatsunta, wani lokacin ta ɓata lissafi ta koma farko. Kuma ko yaushe da kai take farawa. Taka ce tsagar farko, ta fi kowacce zurfi. Ta ce ranar, don murna, sai da Baba ya yanke yatsa.

Ka riƙe ƙarfen da gilashin da fitilar. Allah ya jiƙan Baba da Hassana da Sani da Bilki. Allah ya dawo da kai lafiya, ya nuna maka hanyar Jikwoyi tun Inna tana iya gane muryarka.

Na zare ƙotar na naɗe ta a gyalena. Maigadin ya ce, "Madam, to ƙofar fa?" Na ce ya tambayi Oga. Ina fita ta rufe kanta a bayana da ƙara, ni kuma na gangara bakin titi neman mota.

Ƙanwarka,
Zainab, tsaga ta bakwai